Simintin Ɗan'azumi

Kwana goma sha tara Ɗan'azumi ya yi a Kaduna, amma in ka ji shi yana ba da labari a dandalin ƙauyensu, can gefen Dandamisa, sai ka rantse shi ya aza harsashin garin. Abin da ya faru kuwa bai taka kara ya karya ba. Shekarar da aka sami mulkin kai ya bi wata mota ya je neman aikin lebura, aka ɗora masa kwanon yashi a ka, ya yi ta hawa da sauka a wani bene da ake ginawa. Ran kwana na ashirin wuyansa ya ƙi juyawa, aka ce ya je ya huta. Hutun ke nan har yau. Ya dawo gida da tsohon cokalin birkila mai karyayyen mariƙi, da guntun fensir da yake saƙalawa a kunne ko da yake ko sunansa bai iya rubutawa ba, da kuma sabon suna da ya raɗa wa kansa, wai Injiniya. Ba mai kiransa da shi sai taubashinsa Lado, shi ma don ya sami abin dariya ne.

Shekara biyu bayan haka matarsa Rahmatu ta tafi gidan iyayenta a Kudan haihuwar fari. Ta sauka lafiya, aka sami namiji, tana can tana wanka. Ɗakinta kuwa ba irin ɗakunan ƙauyen ba ne. Mahaifinta Malam Iliyasu magini ne da ake ji da shi daga Kudan har Ikara, kuma da za a kawo ta ya ce autarsa ba za ta kwana a ginin wani ba. Da kansa ya zo ya gina, sannan ya yi kwana goma sha biyu yana zana bangon ciki da yatsunsa, daga gwiwa har rufi: dagi babba a saman gado, da allo, da takobi, da wasu layuka masu tudu da suke bin juna suna zagaye ɗakin. Shi ne aikinsa na ƙarshe, domin damina na zagayowa yanar ido ta rufe masa gani. Tun daga nan, duk sa'ad da hanya ta biyo da shi sai ya shiga ɗakin, ya bi bangon da tafin hannu yana shafawa, yana murmushi shi kaɗai.

Ranar da Rahmatu za ta tafi abu ɗaya ta roƙi mijinta. Ta ce, "Don Allah ka riƙa kaɗe yanar gizo daga zanen Baba. Da tsintsiyar laushi fa, ba ta kwakwa ba."

Ran wata Laraba saƙo ya iso daga Gwaggo Adama, yayar Malam Iliyasu. Ta ce Alhamis ta sama za su kawo maijego, a shafe ɗaki da farar ƙasa, a gyara daɓe. In kuwa suka tarar da shi yadda maza suke barin ɗaki, da ƙafar da suka zo da ita za su koma, da uwar da ɗan. Kowa ya san Gwaggo Adama ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ta taɓa juyawa da amarya daga bakin zaure saboda an bar turmi a kan hanya.

Shafen farar ƙasa aikin hantsi ɗaya ne, ko tsohuwa ta yi shi kafin tuwo ya nuna. Amma Ɗan'azumi ya shiga ɗakin ya tsaya, hannaye a baya, yana kallon bango yana kaɗa kai. Lado ya leƙo ya same shi a haka.

"Lado, dubi wannan bango. Duk ƙuraje. A ce ɗana, ɗan zamanin mulkin kai, ya buɗe ido ya ga tudu da kwari?"

"Aikin surukinka ne fa."

"Na sani. Aikin da ne. A Kaduna bango sumul yake, in ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi. Ni na sha ganin ƙuda da karaya."

"Kai kake yi musu ɗori, Injiniya?"

"Yi dariyarka. Nan da kwana bakwai za ka zo kana roƙona in yi maka naka."

Washegari ya ɗauki cokalinsa ya nufi Makarfi wurin Yunana, wani birkila mutumin kudancin Zariya da ke gina azuzuwan makaranta. Bayan doguwar gaisuwa ya ce siminti yake so, buhu biyu, na gaske, irin wanda suke aiki da shi a Kaduna.

Yunana ya goge hannu a wando ya ce, "Siminti babu, Malam Ɗan'azumi, ni ma jira nake. Ko da akwai, ba a ɗora shi a kan jar ƙasa haka kawai, ɓamɓarewa zai yi. Wane bango ne ma?"

"Na ɗakin iyalina."

"Wanda Malam Iliyasu ya zana? Ai da aka gama shi, kafin a kawo amarya, sai da na tako takanas na je na gani. Ni da zan iya rabinsa da na ajiye siminti. Ka bar shi yadda yake."

Ɗan'azumi ya yi murmushin manya, ya yi sallama. Yana fita ya ce wa kansa hassada ce, ta masu sana'a ɗaya.

Hanyar gida ta bi da shi ta fadama, inda Tanko yake matsar rake. Ƙarshen aikin shekara ne, doki na ta zagaye injin, manyan kasake na tafarfasa, ana kwarara ruwan mai kauri a ƙananan kwanoni yana daskarewa. Tanko ya miƙa masa curin mazarƙwaila ta jiya. Ya kai baki ya gatsa, sai da ya ji ƙarar har tsakiyar kansa, ya dafe muƙamuƙi. Da wani ne, da ya yi Allah wadai ya wuce. Shi kuwa sai ya tsaya yana juya curin a hannu, idonsa na ƙyalli.

"Tanko, mene ne siminti?"

"Ina zan sani? Kai ka je Kaduna."

"Abu ne da za ka dama shi ruwa-ruwa, ya kwana ya zama dutse. To mece ce wannan?"

"Mazarƙwaila."

"Ka gani ko. Ashe ɓoye mana suka yi. Abin yana fadamarmu, muna ba yara suna tsotsa."

Ɗan'azumi ya sa aka yanke sauran raken gonarsa aka matse a wurin Tanko, aka dafa ya yi kauri, bai bari ya daskare ba. Garwa huɗu ya kai gida a kan jaki.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga ɗakin da fartanya. Ni dai wannan wurin ba ya ba ni dariya, kuma ba zan ja shi ba. Abin da tsoho ya yi kwana goma sha biyu yana yi da yatsu, ya zubo cikin yini ɗaya da rabi. Da ya kai kan dagin da ke saman gado, fartanyar ta ƙi ci, sai da ya sa ƙafa ya dogara. Lado yana bakin ƙofa, ya nemi abin tsokana ya rasa, ya ce kawai, "Garin neman gira fa ake rasa ido." Ɗan'azumi ya ce masu tsoro ba su gina Kaduna ba. Ya kwashe ɓaraguzan a kwando ya cike wani rami da ke ƙofar gida.

Ran Lahadi ya yi kwaɓi: farar ƙasa, da toka, da lallausan yashi, da garwa uku ta ruwan mazarƙwaila. Ya shafe bango huɗu da karyayyen cokalinsa, yana yi yana fito. Sanyi bai gama tafiya ba a lokacin, saboda haka kafin gari ya waye abin ya kame. Gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Bango ya fito sumul, jaja-jaja, yana ɗaukar ido, in ka matsa har inuwarka kake gani.

Ai kuwa ƙauye bai ishi Ɗan'azumi ba. Da hantsin Litinin ya bi gida gida ya tattaro maza, tun da maiɗakin ba ta nan, ya shigar da su biyar biyar. Ya ƙwanƙwasa bango da fensir yana bayani. Ya ce wannan shi ake kira aikin ofis. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi ba sauran bango mai ƙuraje daga nan har Hunkuyi, masallaci zai fara yi, kyauta. Liman ya shafa gemu ya ce a bari dai abin ya kwana biyu.

Lado ya ja numfashi ya ce, "Injiniya, ɗakin nan ƙamshin kasuwar Makarfi yake yi."

"Ƙamshin ci gaba ne. Hancinka bai saba ba."

Gambo wakilin dagaci ne ya zo ƙarshe, cikin sabuwar babbar riga mai aska biyu. Aka shimfiɗa masa tabarma ya zauna ya jingina, Ɗan'azumi ya durƙusa yana ba shi labarin bene. Labarin bene kuwa ba ya ƙarewa da wuri. Rana ta ɗaga, ɗaki ya ɗumama da numfashin mutane. Da Wakili ya gaji ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa, bango ya ce bai san zancen ba.

"Ɗan'azumi, wa ya riƙe ni?"

"Ranka ya daɗe, siminti na gaske haka yake, yana gwada ƙarfinsa ne."

"A kaina zai gwada?"

Mutum uku suka ja, rigar ta fara kuka, Wakili ya ce a dakata, ko biki ɗaya bai je da ita ba. Ƙarshe sai zare shi aka yi ta ƙasa, ya fita da 'yar shara yana huci, aka bi rigar da ruwan ɗumi ana ɓamɓarowa a hankali. Da ta fita, sai ga saƙar rigar da ɗinkin bayanta sun kwanta raɗau a jikin bango.

Lado ya ce, "Alhamdu lillahi, zane ya dawo."

Daga ranar bazara ta kankama. Da la'asar bango ya fara gumi. Da safiyar Talata Ɗan'azumi ya buɗe ƙofa ya ga bangon ya yi baƙi, kuma yana motsi. Kiyashi ne, da tururuwa, da cinnaka, layi layi, wasu ta ƙofa, wasu ta rufi, wasu ta inda ba a san da hanya ba. Kafin hantsi matan unguwa suka fara aiko da godiya, wai tun da aka kawo su garin ba su taɓa ganin madafinsu babu tururuwa ba sai yau. Uwar Lado har fura ta aiko, ta ce a ce wa Injiniya Allah ya ƙara basira, in da hali ya shafa wa zaure ma, don akwai sauran kiyashi a rumbunta.

Ɗan'azumi bai ji kunya ba, don ba ta cikin kayan da ya zo da su duniya. Ya ce kuskure ɗaya aka yi, ba a gasa bangon ba. A Kaduna sai an gasa. Ya jibga itace a tsakar ɗaki ya hura wuta, ya ja ƙyaure ya toshe kafofi da tsumma, ya zauna a waje yana firfita da hula. Lado ya tambaye shi ko ya taɓa ganin abin da ke faruwa in an mayar da mazarƙwaila kan wuta. Ya ce wannan ta tashi daga mazarƙwaila, ta zama siminti tun shekaranjiya.

Da azahar wani abu mai kauri ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙyaure, yana tafiya a hankali zuwa tsakar gida. Da aka buɗe, bangon duk ya sauko ƙasa. Sama ba komai sai sawun fartanya, daɓe kuwa ya zama tafki, tururuwa sun soyu a ciki. Kaji biyu suka shiga kiwo, suka tsaya cak a tsakiya suna kallon juna.

Saura kwana biyu. A nan ne, da yana da rabo, zai nemi tsofaffin unguwa su taya shi yaɓe ko na jar ƙasa ne. Amma ya tuna yana da sauran garwa ɗaya. Ya yini yana kankare daɓe, ya sake kwaɓi, ya sake shafawa. Da Lado ya ce tururuwar fa ba su yi ƙaura ba, sai ya ce ai dama aikin bai ƙare ba. Manyan Turawa ba sa barin bango tsirara, takarda suke manna masa, ya gani da idonsa ta taga.

Ran Laraba ya koma Makarfi, ya samo tsofaffin jaridu da ragowar takardun zaɓen bara wurin wani mai tsire da ke naɗe nama da su. Wannan karon ko ƙaro bai nema ba, da ya ɗora takarda sai bango ya cafke. Kafin la'asar ɗaki ya rufu ruf, ko'ina rubutu da hotunan 'yan takara, na jam'iyyar gwamnati da na 'yan hamayya kafaɗa da kafaɗa. Tururuwa suka rasa hanya, na ɗan lokaci. Bakin Ɗan'azumi ya dawo.

"Ka gani? Ɗana zai iya karatu kafin ya yi haƙori."

Lado ya bi bangon da kallo ya ce, "Lalle ka yi abin da ya gagari manya, ka haɗa su a ɗaki ɗaya ba duka. Amma wannan bawan Allah ai ƙafa sama ka manna shi."

Ɗan'azumi ya karkata kai ya duba, ya ce, "Ɗan hamayya ne."

Ranar Alhamis ya tashi da wuri, ya buɗe ƙyaure don ƙamshin ya ragu, ya tafi wurin wanzami a yi masa aski, don surukai su ga mutum. Ya zauna yana gaya wa wanzami yadda zai karɓi aikin ofishin Ikara. Ana cikin gyaran fuska sai ga wani bunsuru ya ratsa dandali a guje, da hoton ɗan takara manne a haƙarƙarinsa. Bayansa akuya biyu, ɗaya da rabin jarida a gemu. Wanzami ya ɗaga aska ya ce, "Kamar daga wajen gidanka suka fito."

Ɗan'azumi ya ruga gida da rabin fuska a aske. Awakin unguwa kaf suna ɗakin Rahmatu. Sun cinye takarda iyakar inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a kan ƙafa biyu, sun koma lasar bango, wata ma ta lashe har ta cim ma tubali. Ya shiga da sanda yana duka, suna fita ta tsakanin ƙafafunsa, suna zagayowa suna komawa. Da ƙyar shi da Lado suka kore su.

Suna tsaye suna haki sai suka ji wani gunji daga sama. Akwai amya uku a kan ɗorawar bayan gari, kuma a bazara ƙudan zuma ba abin da yake nema irin zaƙi da laima. Kafin a ce haka ɗakin ya cika. Lado ya ja da baya har zaure, ya ce a kira mai amyar. Ɗan'azumi ya ce mutumin da ya hau bene hawa huɗu ba ya kiran wani saboda ƙwaro. Ya rufa buhu a ka, ya kunna busasshen kashin shanu a kasko, ya kutsa. Hayaƙin ya yi aiki, ba a hana shi ba, ƙudan ya fito ya dunƙule a reshen dalbejiyar tsakar gida. Sai dai kafin ya fito ya biya ta cikin buhun ya yi sallama. Da Ɗan'azumi ya yaye buhu, leɓensa ya kai girman ƙosai, idanunsa biyu sun rufe, sai wata 'yar tsaga a na hagu.

A daidai nan aka ji guɗa daga bakin gari.

Gwaggo Adama ce a gaba, mata bakwai a bayanta da kaya niƙi-niƙi a ka, Rahmatu a tsakiya da goyo, ta yi fes da ita. Can baya kuma, a kan jaki, ga wanda ba a ce zai zo ba. Malam Iliyasu ya ce ya kwana biyu bai ji bangonsa ba, zai raka su. Mutanen ƙauye, waɗanda tun Litinin suke jiran wannan rana, suka bar abin da suke yi suka biyo sahu. Har Wakili ya zo, da tsohuwar riga.

To, ga inda al'ada ta kama Ɗan'azumi. Duk bayanin da ke cikinsa, na siminti da na gashi da na Turawa, ba damar fito da ko ɗaya, don ba a yi wa suruki dogon zance. Ya tuɓe takalma ya durƙusa a gefen zaure, kai a ƙasa, yana "Sannunku da hanya, sannunku da rana," da leɓen da ba ya haɗuwa.

Gwaggo Adama ta dube shi ta ce, "Wannan wane ne?"

Lado ya ce, "Maigidan ne, Gwaggo."

"Da na san shi ba haka yake ba."

Ta wuce ciki, ta tsaya a ƙofar ɗakin. Ta dubi yagaggun takardu suna reto, da bangon da aka lashe, da kashin awaki a kan daɓe mai danƙo, da baƙin hayaƙi a rufi. Sannan ta juyo.

"Ina ɗakin?"

Daga inda yake durƙushe ya ce, "Shi ne nan, Gwaggo."

"Nan na ga inda awaki suka yi walima. Ɗakin 'yata nake tambaya."

Rahmatu ta leƙa ta kafaɗar gwaggonta. Ba ta yi kuka ba, ba ta dubi mijinta ba. Idonta ya tafi saman gado inda dagi yake a da, ya tsaya a can. Ta ce a hankali, "Kada ku bar Baba ya shigo."

Amma tsoho ya riga ya sauka daga jaki, kuma ba ya bukatar jagora a gidan da ya auna da ƙafarsa. Mutane suka dare. Ya taka bakin ƙofa, takalminsa ɗaya ya maƙale, ya zare ƙafa ya bar shi. Ya yi taku uku zuwa dama yadda ya saba, ya ɗaga hannu ya ɗora. Ya matsa da hannun sama. Ya matsa gefe. Ya koma ya lalubo ƙofa, ya sake ƙirga takunsa, ko ya yi kuskure ne. Duk tsakar gidan ba mai tari.

Can tsoho ya janye hannunsa da ƙyar, ya kai yatsa baki ya ɗanɗana.

Ya ce, "Ta Tanko ce. Ya bar ta ta ɗan ƙone."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki, sannan ta mutu da kanta, don an ga fuskarsa.

"Ɗan'azumi."

"Na'am, Baba."

"Ƙasar da ka kankare, ina ka kai ta?"

"Na cike ramin ƙofar gida da ita, Baba."

"Wanda jakina ya taka yanzu?"

"Shi, Baba."

"To madalla. Ta yi amfani."

Gwaggo Adama ta ce wa matan, "A juya." Ko ruwa ba su sha ba suka mayar da kaya ka. Ɗan'azumi, wanda rabonsa da ɗansa tun ranar suna, ya jawo rigar Lado ya raɗa masa ya roƙa a bari ya ga yaron ko sau ɗaya. Lado ya dube shi ya ce, "Da wane idon?"

Malam Iliyasu ya tsaya a zaure yana goge hannu da ƙasa. Ya ce ido ya tafi amma yatsu suna nan, zai sake zanen. Sai dai ƙasar irin wannan aiki kwana arba'in take yi tana tsimuwa, kullum ana ba ta ruwa ana takawa, kuma ƙafar maigidan yake so, ba ta ɗan ƙodago ba. Ranar da bango ya bushe, ranar Rahmatu za ta dawo.

Gwaggo Adama ta ce, "Ni ma ina da nawa. Duk ranar da ya buɗe baki ya ce Kaduna, wannan ranar ba ta cikin lissafi."

Liman ya ce an ji an shaida. Aka ɗora wa Lado ƙirga, ya karɓa hannu bibbiyu.

Kwana arba'in daga ranar, da an gama kafin ruwa ya sauka. Ɗan'azumi ya naɗe wando ya shiga kwaɓi a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gan shi, ya yi kwana uku bakinsa gum. Ran na huɗu Lado ya zo ya zauna a kan turmi, ya ce, "Injiniya, jiya muna gardama da Wakili, ya ce wai benen nan naka hawa biyu ne, a Zariya." Kafin ya rufe baki an ce masa hawa huɗu ne, kuma a ina. Lado ya jefa tsakuwa ɗaya a aljihu. Haka aka yi ta yi, yau Lado, gobe wanzami, jibi matan da ke wucewa rijiya. Tsakuwa goma sha bakwai ta taru, ta tura aikin cikin damina, kuma Malam Iliyasu bai taɓa zane da damina ba, ba kuwa zai fara don Ɗan'azumi ba. Aka jira kaka, aka sake sabon kwaɓi daga farko.

Sai bayan an gama shigar da dawa tsoho ya zo. Kwana ashirin da shida ya yi wannan karon, yana lalube, Ɗan'azumi na miƙa masa ƙasa a durƙushe. Zanen bai kai na farko ba, dagin ya ɗan karkace, kowa ya gani, ba wanda ya faɗa.

Ranar da aka dawo da Rahmatu, Gwaggo Adama ta zagaya ɗakin sau biyu, ta ce a sauke kaya. Aka kwance goyo aka ajiye yaron a kan daɓe. Ɗan'azumi ya tsuguna ya miƙa hannu yana washe baki. Yaron ya dube shi irin kallon da ake yi wa baƙo, ya kauce, ya rarrafa ya nufi bango. Ya kama tudun layin da ke ƙasa da hannu ɗaya, ya kama na samansa da ɗayan, ya miƙe tsaye, ya fara bin bangon kakansa yana takawa.

Ɗan'azumi ya miƙe daga inda ya tsuguna. Ya waiga ya ga mata na kallonsa, sai ya gyara murya.

"Ai ni na ce wa Baba a yi tudun da kauri, don yaro ya sami abin kamawa. Haka ake yi a..."

Rahmatu ta ɗago kai. Gwaggo Adama ta mayar da hannu kan ƙullin kayanta. Ya rufe bakinsa.

Rahmatu ta kwance wani ƙunshi, ta zaro sabuwar tsintsiyar laushi, ta miƙa masa ta nuna kusurwar da ke saman gado, inda gizo-gizo ya riga ya fara saƙa.